Darasin gurɓatar muhalli a kolej: a bar yara su auna da hannunsu

Assalamu alaikum, Malam Edita. Muna gaishe ku, da ku da ma'aikatanku, tare da fatan alheri. Mu malaman kimiyya ne da ke koyarwa a kolejojin cikin garin Maraɗi da kewaye, kuma muna roƙon fili a jaridarku don mu yi magana a kan darasi guda, wato gurɓatar muhalli, da yadda ake koyar da shi ga yaran siziyam zuwa turwaziyam.

Yadda aka saba, malam zai rubuta ma'ana a allo da Faransanci, ya jero iri huɗu, ta iska, ta ruwa, ta ƙasa, ta ƙara, yara su kwafe, su haddace, su juye a takardar jarrabawa. Misalan da ke cikin littafi kuwa hayaƙin manyan masana'antun Turai ne, da ɗanyen mai da ya malale a teku, ga yaron da bai taɓa ganin teku ba. Sai yaro ya ci maki 16 cikin 20, ya fito ya sha piya wata ya yar da ledar a bakin kwata, ya isa gida ya tarar ana hura gawayi da leda, bai kuma ga abin da ya haɗa wannan da amsar da ya rubuta ba. Laifin ba nasa ba ne. Ba a taɓa ba shi abu ya auna ba.

Shawararmu ita ce a gina darasin a kan tambayoyi uku, a yi ta maimaita su har su zauna: daga ina abin ya fito, ta wace hanya ya bi, a kan wa ya faɗa? Salga ce tushe, yashin da ke ƙarƙashinta hanya, yaron da ya sha ruwan rijiyar maƙwabta shi ne wanda abin ya faɗa wa. Wanda ya iya tambayoyin nan zai gane da kansa dalilin da ya sa ake so a bar aƙalla mita 30 tsakanin salga da rijiya, a kuma bar mita ɗaya da rabi tsakanin gindin ramin da ruwan ƙasa, abin da ke da wuya a fadamar Gulbi inda ruwa yake kusa. Kowace tambaya kuma akwai gwajin da za a yi mata da kayan da ke cikin gari.

Mu fara da ruwa, don nan ne kuskure ya fi yawa. A ɗebo ruwa iri uku ko huɗu: na famfo, na rijiya, na tabki, da na randar da aka daɗe ana sa moɗa a ciki. A samo doguwar robar ruwa mai haske ta lita ɗaya da rabi, a yanke wuyanta, a zana baƙin kuros, wato alamar X, mai kauri a farar takarda a sa ƙarƙashinta. Yaro guda yana zuba ruwa kaɗan-kaɗan, wani yana leƙawa ta sama, da zarar kuros ɗin ya ɓace sai a tsaya a auna tsayin ruwan da santimita. Ruwan tabki zai ɓatar da shi tun ruwan bai yi nisa ba, na famfo har robar ta cika ana ganinsa. Abin da ke ɓata wannan awo shi ne a yi wani a rana wani a inuwa, ko a bar ruwan ya kwanta kafin a zuba. A girgiza kowane ruwa, a yi duka a inuwa guda, kuma yara uku su karanta kowanne a ɗauki matsakaici.

Daga nan sai matata. A kifa robar da aka yanke gindinta, a ɗaure bakin da tsumma mai tsabta, a zuba dakakken gawayi santimita 5, lallausan yashi santimita 10, tsakuwa santimita 5 a sama. Kusan duk ajin da ya yi wannan karon farko ruwan baƙi yake fitowa, yara su ce gwaji ya ƙi. Dalili shi ne ba a wanke yashin da gawayin ba. A wanke su har ruwan wankin ya yi fari, a kuma zubar da kofi biyu na farko da suka tsatso. In an kwarara ruwan da ƙarfi yana fasa hanya ta gefe ya wuce yashin, don haka a zuba shi a hankali a kan tsakuwar.

Zogale ma yana da aikinsa a nan, ga shi kuwa ba ya wuyar samu a Maraɗi, lambunan Jiratawa kaɗai sun isa. A nemi iri daga busasshen kwanso, a ɓare a fitar da farar ƙwayar, a daka ta yi laushi. Ƙwaya ɗaya ta ishi lita ɗaya, biyu in ruwan ya yi taɓo sosai. A zuba garin a ɗan ruwa mai tsabta cikin kwalba, a girgiza minti ɗaya, a tace da tsumma cikin ruwan tabkin, a motsa da sauri minti ɗaya, a hankali minti biyar, a bar shi awa guda ba mai taɓawa. Furotin ɗin da ke cikin ƙwayar yana jawo ƙananan ɓarɓashin laka su dunƙule su nutse. Ɗanyen iri ba ya yi. In kuma garin ya yi yawa ruwan yana zama kamar tsinkakken koko, kashegari ya yi wari, domin ragowar garin abinci ne ga ƙwayoyin cuta.

To, a nan ne malami zai tsaya ya yi aikin da ya fi kowanne. Yara sun ga ruwa ya yi garau, kuma da bakinsu za su ce ya shawu. Hausawa na cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A sha'anin ruwan sha ido bai san kima ba, kuma ana iya nuna wannan cikin rana guda. A narka gishiri cokali biyu a lita ɗaya, a bi da shi ta matatar nan. Zai fito fes. A ɗiga cokali guda a kan baƙin murfin tukunya, a ɗiga ruwan famfo a gefe, a ajiye a rana. In sun bushe, farin gishiri zai bayyana a wuri ɗaya. Abin da ya narke a ruwa, yashi ba ya tare shi, tsumma ba ya tare shi. Tafasawa ma ba ta fitar da shi, sai dai ta ƙara masa ƙarfi tunda ruwa ne ke tashi ya bar shi.

Sai a ba su labarin Tibiri, nan kusa da mu. Daga tsakiyar shekarun 1980 har wajen 2000 mutanen garin sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse, ruwa fari tas ba wari, amma sinadarin fulorayid da ke cikinsa ya ninka fiye da sau uku iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a lita. Ɗaruruwan yara haƙoransu suka rine, ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Ba wanda ya zuba sinadarin, daga duwatsun ƙarƙashin ƙasa ya fito, awo ne ya tona shi. Yaran nan yanzu manya ne, wasu ma iyayen ɗalibai ne, saboda haka a faɗi labarin da mutunci, kada a mai da kowa abin nuni. Amma ɓoye shi ga ɗan kolej na Maraɗi, a koya masa malalar mai a teku, mu dai ba mu ga hujjarsa ba.

Ƙwayoyin cuta su ma ido ba ya ganinsu, sai dai su ana iya kashe su. Kwalarar 2018 daga yankin Madarumfa ta fara, ta 2021 ma jiharmu ta sha wuyarta, don haka yaro ya fita kolej ya iya abu uku da hannunsa. Tafasa ruwa har ya yi minti ɗaya yana tafarfasa. Sa ƙwayar Aquatabs, ƙwayar kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta a ruwa, gwargwadon litar da aka rubuta a takardarta, a rufe bidon, a jira minti 30. In ruwan ya yi laka a tace shi tukuna, don lakar na cinye kulorin ɗin. Da shanya ruwa a rana: robar ruwa mai haske wadda ba ta wuce lita biyu ba, a cire takardar jikinta, a kwantar da ita a kan kwanon rufi awa shida in rana ta fito sosai, kwana biyu in akwai hadari ko hazo. Don a san ko hasken ruwan ya isa, a ɗora cikakkiyar robar a tsaye a kan babban kanun jarida, irin taku ɗin nan, a leƙa ta baki. In haruffan sun karantu, rana za ta ratsa. Duk wannan yana rushewa in aka tsoma hannu da moɗa a randa. A shafa garin alli mai launi a tafin yaro ɗaya da safe, a bar shi ya gaisa ya ɗauki kofi ya riƙe littafi, bayan rabin awa a duba inda launin ya kai.

Akwai wani awo da yara ke so ƙwarai, na zoɓo. A jiƙa busasshen zoɓo cikin tafi guda a rabin lita na ruwan zafi minti goma, a tace, a sirka da ruwa har ana iya hango yatsa ta cikin kofi. Wannan sirkawar ita ce sirrin, domin zoɓo shi kansa mai tsami ne, in ya yi kauri ba ya sauya launi da wuri. A raba a ƙananan kofuna masu haske. Lemun tsami zai mai da shi ja wur, ruwan kanwa ko ruwan toka zai mai da shi kore. Sai a gwada ruwan wanki, da ruwan da ke fitowa daga wurin rini, da ruwan famfo, a jera su daga mai tsami zuwa mai kanwa. Kada a yarda yaro ya kawo ruwan batirin mota ko na babur, yana ƙona fata yana makantarwa.

A ɓangaren ƙasa, gwajin wake ya fi kowanne koya wa yaro yadda kimiyya ke aiki. Gwangwanin tumatir tara, a huda gindinsu, a cika da ƙasa daga wuri guda. Uku a bar su haka, su ne shaida, wato waɗanda za a gwada sauran da su. Uku a cuɗa ƙasar kowanne da cokali ɗaya na baƙin man da aka juye daga inji. Uku a riƙa ba su ruwan da aka sa ƙaramin cokali ɗaya na garin sabulu a lita. Wake goma a kowane gwangwani, zurfin santimita 2, ruwa mililita 50 kullum. Rana ta biyar a ƙirga waɗanda suka tsiro, rana ta goma sha huɗu a auna tsayi, a tuge a duba saiwa. Waken da ƙwari suka huda ba ya tsirowa, a zaɓe shi tun farko, in ba haka ba shaidar ma za ta gaza. Sanyin Disamba da Janairu na jinkirta tsiro, kaji da awaki da ƙadangaru kuma na gamawa da gwajin cikin yini, sai a ɗora gwangwanayen bisa tebur a rufe da tsohon gidan sauro. Wani lokaci waken ruwan sabulu yana fitowa lafiya lau. Kada malami ya gyara lambobin don su yi daidai da littafi. A rubuta abin da aka gani, a ninka sabulun a sake.

Leda kuwa ƙirga ta ake yi, don a sikeli yashin da tsintsiya ta kwaso ne zai rinjaye ta. A share filin makaranta yini guda, a ware da sanda, a ƙirga. Sannan a yi lissafi a allo: makaranta mai ɗalibai 600, kowa leda ɗaya a yini, kwana biyar a mako, mako 30, leda 90,000 ke nan daga makaranta guda. A binne leda da ɓawon ayaba da takarda da tsumman auduga a zurfin taƙi ɗaya, a kafa alama, a riƙa zuba ruwa sau biyu a mako, a tone bayan mako shida. In ba a zuba ruwa ba komai zai fito yadda aka sa shi, yara su ɗauka ɓawon ayaba ma ba ya ruɓewa. Kuma a gayyato mahauci ko malamin dabbobi ya faɗa wa aji abin da ake tararwa a tumbin akuyar da ke kiwo a juji; wannan ya fi zanen allo goma. Ɗalibai su san cewa tun 5 ga Nuwamba 2014 ƙasarmu ke da doka mai lamba 2014-63 da ta hana sarrafawa da shigowa da sayarwa da amfani da sakakkiyar leda marar kauri, su kuma tattauna me ya sa har yau take rataye a kan kowace ƙaya. Wanda ya ga yadda ruwa ya ci unguwanni a ƙarshen Agusta 2024 ba sai an yi masa dogon bayani a kan magudanar da shara ta toshe ba.

Ga iska, farin kwali da basilin sun isa. A zana murabba'i santimita 5 a kan 5, a shafa basilin shafe-shafe, don in ya yi kauri zafi na narka shi ya zurare da ƙurar. A rataye kwalayen a tsayin mita ɗaya da rabi: bakin titi, kusa da madafa, kusa da tasha, ƙarƙashin itatuwan makaranta, ɗaya kuma a rufe cikin gwangwani ya zama shaida. Bayan kwana uku a ƙirga ɗigon da ke cikin santimita ɗaya da madubin ƙara girma. Ranar da hazo ya taso daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, duk kwalayen cika suke yi bai ɗaya, bambancin wuri da wuri ya ɓace, sai a jira ya lafa. A kuma gaya musu gaskiya: abin da ya manne a kwalin manyan ɓarɓashi ne da hanci ke tarewa. Mai kai wa can cikin huhu bai wuce mikron 2.5 ba, gashin kai ya fi shi kauri sau ashirin ko fiye, kuma hayaƙin icce da gawayi da bola cike yake da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a duniya a shekarar 2020. Ƴan matan da ke ajinmu su ne ke durƙushe gaban murhu da maraice da ƙannensu a goye.

Abu ɗaya a wannan babi ba ya jiran jarrabawa, a faɗe shi kafin sanyi ya shigo. Garwashin da aka shiga da shi ɗaki aka rufe, da janareton da aka tayar a zaure, suna fitar da iskar kabon monoksaid, ba launi ba wari, tana kama jini fiye da iskar shaƙa sau ɗari biyu da wani abu. Alamarta ciwon kai da jiri da barci mai nauyi. A buɗe ƙofa, a fitar da mutum sarari, a kai shi asibiti. Batun ƙara ba ya bukatar fiye da rabin awa: manhajar awo a wayar malami, a tsaya kusa da injin niƙa, a gwada da desibel 85, matakin da ke lalata ji in ana yini a cikinsa.

Ɗaliban turwaziyam sun isa a yi musu maganar guba kai tsaye. A 2010 dalma ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta sauka inda yara ke rarrafe. Tun da aka fara haƙar zinariya a yankin Ɗan Isa a 2021 wannan darasi ya zama namu: dutsen ma'adini ba ya shiga gida, ba ya shiga turmi ko injin hatsi, haka ma tsohon batir ba a fasa shi a tsakar gida. Sai piya-piya da ƙwayar da ake jefawa cikin buhun wake a ɗakin kwana. A nan muna da amsa ta gida, domin buhun PICS mai ruɓi uku, leda biyu masu kauri a ciki da buhu a waje, da masu binciken INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, reshen Maraɗi, aka yi aikinsa. A cika roba ɗaya maƙil da busasshen wake mai ƙwari a ɗaure murfin tam, a sa rabin wake a wata a rufe da tsumma kawai. Bayan mako huɗu a zazzage a ƙirga ƙwarin da ke motsi da waken da aka huda. Rashin iska ne ya kashe na farkon, ba magani ba. In waken bai bushe ba zai yi fumfuna, in murfin na shan iska ƙwarin za su rayu.

Muna jan kunnen abokan aikinmu a kan tsaro. Ba a kunna ashana ko kyandir a ajin zana, ko don gwajin minti ɗaya. Gobarar Nuwamba 2021 da ta ci yara sama da ashirin a wata makaranta a garin nan ba ta bar wa kowa uzuri ba. Ba a ɗanɗana ruwan gwaji. Ba a tura yaro juji da hannu tsirara ko cikin tabki. Bokitin ruwa da sabulu su kasance a bakin ƙofa kafin a fara.

Roƙonmu ga sufetocin ilimi da daraktoci shi ne a daina cusa wannan darasi cikin mako guda a ƙarshen shekara, lokacin da hankalin kowa ya koma kan BEPC. A rarraba shi bisa yanayi: ruwan tabki a Oktoba kafin ya ƙafe, wake da ajiyarsa a Nuwamba bayan girbi, garwashi da hayaƙi a Disamba, ƙura a Janairu da Fabrairu, binne leda a Maris. A ba kowace kolej madubin ƙara girma goma, da sikeli ɗaya, da kofin awo, sauran kayan yara za su kawo. A jarrabawa a riƙa ba ɗalibi jadawalin sakamakon gwaji a ce ya fassara, ya nuna wanne ne shaida. Sashen noma da muhalli na Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo yana da ɗalibai da na'urorin awon ruwa. Ziyara ɗaya a shekara zuwa kolej za ta nuna wa yara yadda ake gano abin da murfin tukunya ba zai nuna ba. Tunda kuma kundin tafiyar da ƙasa na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, a yarda yaro ya fara bayyana abin da ya gani da Hausa kafin ya rubuta da Faransanci, a kuma zauna a daidaita kalmomin, don kada wannan malami ya ce gurɓata, wancan ya ce ƙazanta, yaro ya zaci abu biyu ne. Idan jaridarku za ta ware ɗan gurbi sau ɗaya a wata, ajujuwa za su aiko muku da lambobin da suka auna, da sunan unguwa da ranar awon.

Mun gode, Allah ya ƙara basira.

Wasu malaman kimiyya na kolej,
Maraɗi